HAKKIN MAI WANKE KWANO

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau, ko ya taso daga Rawayya zai shiga Bunguɗu, ya ji kukan da ake yi a rumfunan abinci. Mai ci yana cewa malmalar tuwo ta ƙanƙance, kuɗinta kuwa ya hau. Mai sayarwa tana cewa ba ta da mataimaki, yaron da ta ɗauka jiya yau ya gudu. Da yake mata da yawa cikin ekklisiyoyinmu da wannan sana'a suke ciyar da 'ya'yansu, sauranmu kuma a wurinsu muke ci in muna kan hanya, ya kamata mu kawo zancen gaban Maganar Allah.

Bari mu fara faɗin gaskiya saboda mai tuwo: ba ita ta kawo tsada ba. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai tuwo ba ta da mota, amma motar da ke kawo mata masara mai take sha, injin niƙa ma haka. A watan Yuni 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kuɗin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara ɗaya. Mu a Zamfara muna da ƙarin namu nauyi. 'Yan bindiga sun kori manoma daga gonaki, waɗansu sai sun biya kuɗi kafin a bar su su yi girbi. A Satumba 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layin waya. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, mun gode Allah, amma ba kowane kaya ne ya bi shi ba.

To, ina ma'aikatan suka tafi? Samari sun tafi haƙar zinariya wajen Anka da Maru, waɗansu sun hau acaɓa, waɗansu sun yi ci-rani Abuja da Legas. Ko a Ingila, bayan annobar korona ta 2020, masu gidajen abinci sun yi irin wannan kuka, suka rasa masu dafuwa da masu kai kwano. Amma mu lura da kyau. Gusau cike take da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, ba gona, ba aiki. Ashe hannu bai ƙare ba. Abin da ya ƙare shi ne mai yarda ya tsaya bakin murhu tun asuba har bayan isha'i a kan kuɗin da ba zai sayi mudun gero ba. Wanda yake da wurin zuwa ya tafi. Wa ya rage? Gwauruwa wadda aka kashe mijinta, da yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda za ta wanke kwano ɗari a ba ta ƙanzo, a ce an biya ta.

A nan ne zancen ya shafe mu. A Yuli 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a wata. Amma dokar albashi ba ta kama wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato ba ɗan sanda, ba alƙali da zai zo rumfarki ya tambaye ki nawa kike ba yarinyar nan. Sai Allah. Shi kuwa ya rigaya ya yi magana. A Kubawar Shari'a sura 24 ya umarci Isra'ila kada su danne hakkin ɗan ƙodago matalauci, ko ɗan gari ne ko baƙo, su biya shi ran da ya yi aikin, tun rana ba ta faɗi ba, gama da kuɗin nan zai ci. Manzo Yaƙub kuma, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya nuna ladan da aka riƙe yana da baki, yana kai ƙara, Ubangiji kuwa yana ji. Ku duba, ba a ce sai ran da kasuwa ta yi kyau ba.

Mun san amsar da za a ba mu: "In na ƙara mata, da me zan ci riba?" Tambaya ce ta gaskiya, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, ƙara kuɗin kwano ba zunubi ba ne. In masara ta hau, itace ya hau, manja ya hau, ki faɗa wa mai saye a fili, kwanon jiya ya zama kaza. Zai yi gunaguni, amma ba ki cuce shi ba. Abin da Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa a kai shi ne rage mudu a ɓoye da sayar da dussa a matsayin hatsi. Miyar da aka tsinka da ruwa, da naman jiya da aka ɗumama aka ce na yau ne, 'yan'uwan wannan mudu ne. Mafi muni kuma shi ne a bar kuɗin kwano yadda yake don kada masu saye su gudu, a cire bambancin daga bakin mai wanke-wanke, domin ita kaɗai ce ba ta da inda za ta gudu.

Yanzu mu juyo kan masu ci, gama mun fi yawa. Dukanmu mun san misalin Basamariye a Luka sura 10. Muna yabon mutumin da ya ɗauki wanda 'yan fashi suka raunata, amma ba mu cika tunawa da mai masauki ba. Shi ne aka bar wa majinyacin domin ya yi jinyarsa bayan Basamariyen ya tafi. Basamariyen bai ce masa ya yi saboda Allah ba. Ya ciro dinari biyu ya ba shi, ladan ƙodago na kwana biyu ke nan a lokacin, ya kuma yi alkawari zai cika abin da aka ƙara kashewa in ya komo. Ya san alheri yana cin itace da mai, bai kuwa ɗora kuɗin alherinsa a wuyan wani ba.

Mu fa? Akwai ɗan'uwa da zai zauna a rumfar 'yar'uwa ya ci, ya ce a rubuta, wata uku bai waiwayo ba, ran Lahadi kuwa yana gaba-gaba wajen waƙa. Ita kuma kunya ta hana ta tambaya, don ɗan ekklisiya ne. Akwai kuma taron da za a yi, a sa matan zumunta su dafa wa baƙi ɗari biyu, a ba su kuɗin da aka tsara tun bara, a ce sauran su ɗauka hidimar Ubangiji ce. Hidima aba ce da mutum ke bayarwa da yardar ransa. Wadda dattawa suka yanka wa gwauruwa ba da shawararta ba, sunanta dabam.

Saura abu ɗaya, wato hutu. Doka ta huɗu ba ta tsaya kan maigida ba, ta ambaci bawa da baiwa da baƙon da ke cikin gida. Mace ta yi ado ta tafi sujada, ta bar yarinya tana tuƙa tuwon rana don kada cinikin Lahadi ya wuce ta: wa ya kiyaye ranar? In yarinyar Musulma ce, kamar yadda yawancinsu suke a ƙasarmu, a ba ta lokacin sallarta da ranar hutunta, a bar ta ta je makaranta da safe. Ta wurin mu'amalar nan ce kaɗai za ta san ko wane ne Yesun da uwar ɗakinta take kira.

Muna roƙon dattawan kowace ekklisiya, daga Tsafe har Bunguɗu, kafin taron gunduma mai zuwa su kira matan da za su dafa, su zauna tare a lissafta kuɗin masara, itace, ruwa da niƙa bisa farashin makon nan. A sa ladan masu wanke kwano cikin lissafin, a kuma ba da kuɗin tun ba a ɗora tukunya ba.