Injin Huɗa da Amanar Ƙasa

A lambunan gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibiri, ƙaramin injin huɗa mai shan fetur ya fara samun gindin zama. Mutum ɗaya ke riƙe da shi yana bin sa a baya, wuƙaƙensa na juyawa suna daddatsa ƙasa, aikin da magidanci da ƴaƴansa za su yi kwanaki suna fama da shi da fartanya sai ya kammala kafin azahar. Zuwansa ya raba kan jama'a. Wasu dattawa na ganin albarkar noma tana cikin gumi, kuma duk gonar da ba a duƙa mata ba ta rasa wani abu. Wasu matasa kuwa cewa suke ƙarfe ƙarfe ne, babu ruwan addini da yadda mutum ya gyara gonarsa. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne injin halal ne, ba ya korar albarka, amma yana ƙara wa mai riƙe da shi nauyin amana fiye da wanda mai fartanya ya ɗauka.

A fara da nassi. Aya ta 61 ta Suratu Hud tana nuna cewa daga ƙasa Allah ya halicci mutane, kuma ya ɗora musu raya ta. Ayoyi na 63 da 64 na Suratul Waƙi'a suna tunatar da manomi cewa nasa shuka ne kawai, mai tsirarwa Allah ne. Suratul Hadid ta ambaci ƙarfe cikin abubuwan da ke da amfani ga mutane. Hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya ladan sadaka ga Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, har mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Ko ɗaya daga cikinsu bai ƙayyade kayan aiki ba. An rataya ladan ne a kan abin da aka raya aka amfana da shi, ba a auna shi da ciwon baya ba. Garmar shanu ma baƙuwa ce a wannan yanki, a ƙarnin da ya wuce ta bazu, yau kuma babu malamin da ke cewa geron da aka yi wa huɗa da ita ya fi na hauya ƙarancin albarka.

Mai ja zai kawo hadisin Abu Umama, wanda ya ga ƙarfen garma sai ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) cewa irin wannan kayan na shigar da ƙasƙanci gidan da ya shiga. Hadisi ne ingantacce, ba a ture shi gefe. Sai dai a duba inda Imamu Buhari ya ajiye shi: dab da babin falalar shuka da dashe, a ƙarƙashin babin da ke tsoratarwa kan shagala da kayan noma da ƙetare iyakar da aka umarta. Ke nan laifin yana ga shagala da wuce gona da iri. Wannan fahimta kuwa ta fi dacewa da injin fiye da kowane kayan noma da aka sani a da, domin mai fartanya yana da iyakar da ba shi ya zaɓa ba, wato gajiya. Ko da kwaɗayi ya ja shi, jikinsa zai tsayar da shi. Injin ya cire wannan takunkumi, muddin akwai mai a tanki sai ya ci gaba. Iyakar da gajiya ke tsarewa a da, yanzu ilimi da tsoron Allah ne kaɗai za su iya tsare ta.

Ƙasar Maraɗi ba iri ɗaya ba ce, manomi ya san jigawa, ya san geza, ya san fadama. Lakar fadama idan aka sa mata inji tana jiƙe sharkaf, wuƙaƙen sukan shafe ƙasan huɗar su daddale shi, a samu wani tauri a ƙarƙashi wanda saiwa ba ta iya hudawa, ruwa kuma ya kwanta a kansa. Gwajin laimar ƙasa ba shi da wuya: a damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule ta ƙi wargajewa da aka danna ta da yatsa, to a dakata ta sha iska. Yashin jigawa kuwa in aka maimaita masa huɗa yana bushe sai ya koma gari, guguwar farkon damina ta kwashe samansa, inda ɗan takin yake. Yawan juya ƙasa yana saurin ƙone ruɓaɓɓen ganye da taki da ke riƙe laima. Kirikiri da aya-aya kuma, daddatsa su da wuƙaƙe shuka su ne, kowane guntu sai ya tsiro. Ga gona nan ta yi laushi gwanin sha'awa a ranar farko, alhali ƙarfinta na raguwa shekara bayan shekara.

Wannan yanki ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa a kan irin wannan tunani. Akwai lokacin da ake ɗaukar gonar da aka share tas, babu itace babu kututture, a matsayin gonar manomin kirki. Fari da yunwar 1984 suka tarar da ƙasa a tsirara. A daidai wannan lokaci, daga 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, tare da manoman ƙauyuka suka duƙufa ga renon tohon kututturen da ake sarewa kowace shekara. Daga wannan dabara aka kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mai hauya yana iya kewaye tohon gawo ko na kalgo ya bar shi. Mai inji kuwa kututture cikas ne gare shi, zuciyarsa za ta raya masa ya tumɓuke. A Amurka ma, a shekarun 1930, yawan huɗar filaye da tarakta ya haɗu da fari, iska ta kwashe ƙasar gonaki, dubban iyalai suka yi ƙaura. Aya ta 205 ta Suratul Baƙara ta lissafa halaka shuka cikin ɓarnar da Allah ba ya so, kuma kashe ƙarfin ƙasa halaka shukar gobe ne.

Wani zai ce ai Annabi (SAW), a kan batun barbarar dabino, ya bar wa mutane sanin al'amuran duniyarsu, don haka gonata ce, in yi yadda na so. Amsa ita ce wanda aka bar wa sani an bar masa alhaki. Hadisin ya tura manomi ne ga ƙwarewa, bai ba shi lasisin ganganci ba. Ka'idar hana cuta da cutarwa kuma tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda mazhabarmu ta ginu a kai. A filin noman rani na Jiratawa, mai kusan hekta 500, wanda ke aiki tun farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, gonaki ƙanana ne, kafaɗa da kafaɗa, ruwansu ɗaya. Wanda ya rusa kunyar iyaka da inji, ko ya zubar da baƙin mai kusa da magudana, maƙwabcinsa ya cuta. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ambaliyar da ke kawo wa fadama sabuwar laka ta ragu, don haka abin da aka lalata ba ya saurin dawowa. Magada ma suna da haƙƙi a kan ƙasar da za a bar musu.

Saura batun ƴan ƙwadago da injin ke rage wa aiki. Damuwa ce ta gaskiya, amma maganinta zakka da sadaka da ba su aikin dashe, ban ruwa da girbi, waɗanda har yanzu hannu ke yi. Hana tsoho ko bazawara sauƙin da Allah ya kawo ba zai cika tukunyar kowa ba. Wanda ke yawo da inji ana biyansa kuma ya sani cewa shi amintacce ne a gonar wani: idan ya ga ƙasa ba ta yi ba ya faɗa, ko da zai rasa kuɗin ranar.

Don haka kira ga malamanmu, su sa haƙƙin ƙasa cikin wa'azi kamar yadda suke sa haƙƙin maƙwabci, masana aikin gona na INRAN da ke Tarna kuma su kai iliminsu bakin lambu. Kai kuma manomi, sayi inji in kana da hali, ka yi huɗa daidai buƙata, ka mayar wa gona takinta, ka bar wa itace wurinsa. Za a tambaye ka yadda ka karɓi ƙasar nan da yadda ka bar ta.