Arziki da Sababinsa

Sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya shar'anta wa bankuna jarin Naira biliyan 25, suka yi ta haɗewa har 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, aka rufe rassa, aka sallami ma'aikata, aka raba wasu da garuruwansu, sai tsohuwar mas'ala ta taso: shin mai sallama ya yanke arzikin bawa? Haƙiƙa bai yanke ba, domin ofis sababi ne, ƙofar Mai azurtawa kuwa ba ta rufuwa. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya tauye haƙƙin magidancin da ya koma gida da takardar sallama a aljihu, yara na masa sannu da zuwa. Tawakkali na wanda aka sallama ne, hisabi yana jiran azzalumi.