Ko Daidai Ne Mu Ji Daɗin Labarin Kisankai?

Akwai waɗansu littattafai da mutanen Ingila da na Amurka su ke so ƙwarai. Labarin kisankai ne, amma da raha a ke rubuta shi. Ba a nuna jini, babu zagi, babu batsa. Abin ya kan faru cikin ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Mai bin sawun mai laifi kuwa ba ɗan sanda ba ne. Wata tsohuwa ce mai saƙa, ko malamar makaranta, sau da yawa kuma da karenta a gefe, gama a ƙasashen nan kare ɗan gida ne, har cikin ɗaki ya ke kwana. A 1995 Laurien Berenson ta Amurka ta soma jerin labaran wata malama, Melanie Travis, da karnukanta. A 2009 kuma Spencer Quinn ya sa wani kare, wai shi Chet, ya ba da labari da bakinsa.

Mun karanta waɗansu, mun kuwa ji daɗinsu, ba za mu ɓoye muku ba. Amma sa'anda muka rufe littafi sai tambaya ta taso mana. An kashe mutum, ga mu muna murmushi. Ko wannan daidai ne?

Bari mu fara da abin kirki da ke ciki. A 1937 Agatha Christie ta fitar da Dumb Witness, watau shaidar da ba ya magana. Wata tsohuwa mai dukiya, Emily Arundell, ta faɗo daga matakalar bene da dare. Mutanen gida duka suka ce laifin karenta Bob ne, wai ya bar ƙwallonsa a kan hanya. Laifi ya faɗa kan wanda ba shi da bakin kāre kansa, kowa ya huta. Amma tsohuwar ba ta yarda ba. Ta rubuta wa Poirot, mai binciken laifi, wasiƙa, ko da shi ke ba ta kai hannunsa ba sai bayan ta mutu. Da ya zo ya duba, sai ya ga ƙusa a kan matakala inda aka ɗaura zare domin a harɗe ta. Bob kuwa a waje ya kwana a daren nan. Mai karanta wannan yana koyon kada shi karɓi maganar da ta fi sauƙi domin kowa ya faɗe ta, yana kuma murna da aka wanke marar laifi, ko da kare ne. Ba mu ga aibu a wannan murna ba.

Abin da ya dame mu yana wani wuri dabam. Domin labari shi zama mai sauƙi, marubuci ya kan zaɓi wanda ba mai ƙaunarsa, shi kashe shi. Ku duba The Murder at the Vicarage, watau kisa a gidan pasto, na 1930, littafi na fari na Miss Marple, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead. Wanda aka harbe shi ne Kanar Protheroe, alƙali, dattijon ekklesiya kuma, mutum mai zafin hali da ɗaga murya. A ɗakin karatun pasto aka iske gawarsa. Tun a farkon littafi paston da kansa, yana zaune wurin cin abinci, ya furta cewa wanda ya kawar da Kanar ya yi wa duniya alheri. Da wasa ya faɗa, mu ma muka yi dariya. Da mutuwa ta zo, ba mu ji komi ba sai marmarin sanin wanda ya yi. (Ba za mu faɗa muku ba, kada mu ɓata muku karatu.)

Wani zai ce, ai ƙage ne, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, ba mu kuwa tsammani karatun Miss Marple zai mai da kowa mai kisankai. Tsoronmu ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi kusa da mu. Zuciya tana sabawa da auna rayuka, wannan a yi masa kuka, wancan a ce an huta. Wanene a cikinmu bai taɓa jin rasuwar maƙwabci mai wuyar hali ba, ya ji sanyi a ransa, sa'annan ya tafi gaisuwa da fuskar baƙin ciki? Ba littafi ya shuka mana wannan ba, amma yana iya yi masa ban ruwa.

Domin wannan, ba mu ce a jefar da littattafan nan ba, amma ba mu ɗauke su ɗaya ba. Na Bob ya fi mana, gama Christie ta bar mu mu zauna da Emily Arundell tun tana da rai, mu ga taurin kanta da hankalinta, har mutuwarta ta yi mana nauyi. Na Kanar kuwa mun sake buɗe shi muna neman mai makoki dominsa. Ko 'yarsa Lettice ba ta nuna wani baƙin ciki ba. A karatunmu na fari ba mu ma lura da haka ba.