Hirar Babur da Hirar Bindiga: Shin Baki Yana da Alhaki?

Akwai wani teburin mai shayi a mararrabar da ke kusa da makarantarmu, inda 'yan acaɓa kan jingine baburansu a gindin dalbejiya bayan la'asar, lokacin da fasinja ya yi ƙaranci. Mu ma mukan raɓa mu ɗan zauna kafin mu wuce gida, ba don shayin ya fi na ko'ina daɗi ba, sai don hirar. Muna ba duk mai sha'awar rubutu shawara ya riƙa zama irin wannan wuri, domin Hausar da ake zubarwa a can ba a samunta a ƙamus.

A ranar da muke son ba da labarinta, hirar ta faro ne daga sarƙa. Wani ya ce sarƙar babur ɗinsa ta saki tun ba ta yi wata biyu ba, ga shi maigidansa ba ya jin uzuri in dai a kan balas ne. Nan fa gardama ta kaure. Wannan ya ce duk laifin kayan gyaran yanzu ne, wancan ya ce a'a, laifin bakanike ne. Daga nan aka shiga jera babura kamar ana jera dawakin sarki: tsohon Suzuki da ba ya mutuwa, Jincheng da ya yi zamaninsa, Boxer mai jure ramuka, roba-roba mai lallaɓa mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu abin da ake yabon babur da shi kamar ƙin shan mai. Aka taɓa maganar rigar ruwa, da safar hannu da tabarau saboda hunturu. Da aka zo kan hular kwano kuwa, sai wurin ya ɓarke da dariya, aka tuno farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta matsa a kan dole kowa ya sa, wasu suka riƙa kifa ƙwarya ko bokitin fenti a ka. Maganar hular ba ta yi minti biyu ba aka wuce ta.

Sai wani matashi ya kawo zancen samfurin babur ɗin nan da mutane suka laƙaba wa suna "Boko Haram". Ya ce, "Wallahi Malam, wannan babur ko dutse ne hawa yake yi, da mutum uku a kansa." Na kusa da shi ya ƙara, "Kowanne da bindigarsa." Shi ke nan, hira ta sauya hanya ba tare da kowa ya lura ba. Aka shiga bayanin AK-47: harsashi talatin take ɗauka, yashi ba ya hana ta tashi, ruwa ba ya hana ta, ƙararta daban take da ta bindigar mafarauta. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne muryar. Da muryar da aka yabi Boxer, da ita aka yabi bindigar, babu ragi babu ƙari. Ana cikin haka wani dattijo daga cikinsu ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya tayar da babur ɗinsa, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Tambayar da muka tafi gida da ita, wadda muke son mu yi tarayya da mai karatu a kanta, ita ce: shin hirar bindiga hira ce kamar kowace hira? Mutanen nan ba su harbi kowa ba, ba su zuga kowa ba, ba su yi ƙarya ba. To akwai wani alhaki a wuyan bakin da ya yabi abin da aka ƙera don kisa, ko kuwa mu ne muke neman laifi inda babu?

Kafin komai, wajibi ne mu yi wa ɗan acaɓa adalci, domin ya daɗe yana biyan bashin da bai ci ba. Sana'ar ta yaɗu ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matsin tattalin arziki ya sa mota ta gagari talaka, albashi kuma ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Malaman makaranta da yawa sun yi ta da daddare, sun rufe fuska da rawani don kada ɗalibai su gane su. Da masu kisa suka gano cewa babur yana shiga lungun da mota ba ta shiga, sai aka fara hukunta babur ɗin. An hana hawansa a Maiduguri a 2011. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a watan Janairu na 2013, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, dubban magidanta suka wayi gari babu sana'a. A Difa ta Jamhuriyar Nijar ma an yi irin wannan hani a 2015. Daɗin daɗawa, a hanyoyin ƙauye ɗan acaɓa ne farkon wanda ake tarewa, domin babur ɗinsa shi ne abin da ɓarayin daji suke nema. Saboda haka sanin da ya yi wa bindiga bai bambanta da sanin da manomi ya yi wa hadari ba. Wanda ya iya rarrabe ƙarar harba-ruga ta 'yan banga da ƙarar bindigar 'yan fashi, ya san ko ya ci gaba da tafiya ko ya juya. Hasali ma, sau da yawa mutum yakan mai da abin da yake tsoro abin raha don ya samu ya yi barci. Idan mun ce a daina wannan hira, mun ce ke nan a yi shiru a kan abin da ke cin mutane, kuma ba mu ga amfanin da shiru ya taɓa yi wa mai jin tsoro ba.

Haka nan bindiga ba baƙuwa ba ce a al'adarmu. Mu da muka taso muna kallon hawan salla mun san cewa da can in aka ce "'yan bindiga", ana nufin mutanen sarki ne masu ɗura albarushi su saki ƙara da hayaƙi don yara su yi sowa. Yau in gidan rediyo ya ce "'yan bindiga", uwa takan ajiye ludayi ta lissafa 'ya'yanta. Kalma ɗaya ce, a cikin rayuwar mutum ɗaya ta tashi daga biki ta koma makoki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa marubuci cewa kalmomi ba sa zama inda aka ajiye su.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Kowane abu ana auna kyansa ne da aikinsa. Kyan wuƙa kaifi, kyan rijiya ruwa, kyan babur kuwa ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai buhun masara kasuwa, ya dawo da mai shi gida lafiya. Idan aka ce babur "ba ya ba da kunya", mun san abin da ya cika: tafiya. To idan aka ce bindiga "ba ta ba da kunya", mene ne ta cika? Aikinta ba ya kammala sai a jikin mutum. A ajin nahawu mukan koya wa yara cewa akwai aikatau ƙi-karɓau, kamar "zauna", akwai kuma so-karɓau, wanda ma'anarsa ba ta cika sai an faɗi wanda aikin ya faɗa wa. "Harba" so-karɓau ne. Amma a duk tsawon hirar nan an yi ta faɗin aikatau, an ambaci harsashi, an ambaci nisan da yake ci, ba a ambaci karɓau ko sau ɗaya ba. An cire mutumin da ke ɗaya bakin bindigar daga cikin jimla, shi ya sa jimlar ta yi daɗin faɗa.

Da muka sake tunani, sai muka ga cewa ba banza ba maganar hular kwano ta fi kowace gajarta. A cikin duk kayan da aka lissafa, ita kaɗai ce ba a iya zancenta sai an tuna cewa kai yana fashewa. Sarƙa da fulogi da salansa ƙarfe ne suke magana da ƙarfe. Hular kwano kuwa tana nuni ga ƙashi da jini, don haka aka yi mata dariya aka wuce. Hannun da ya ture hular daga hira, shi ne ya ture gawar.

Mai karatu zai iya cewa, "Haba Malam, ai bindiga ba ta harba kanta. Da ita soja yake tsaron iyaka, da ita ɗan banga yake kare ƙauyensu." Gaskiya ne, ba mu musa ba. Har gwamnatin Zamfara, a watan Yuni na 2022, ta kai ga shawartar jama'arta su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, ko da yake shugabannin tsaro na tarayya ba su amince ba. Mu da muke kwana a cikin gari ba mu da bakin yi wa wanda aka ƙone wa rumbu wa'azi. Sai dai ko dokar makamai ta 1959 ba ta ɗauki bindiga kamar sauran kaya ba, ta kasa ta kashi-kashi, ta sa irin ta yaƙi a jerin waɗanda aka haramta wa mutum sai da izinin shugaban ƙasa. Addini kuma ya riga doka. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu don kada ya yi wa wani rauni, ya kuma hana a nuna ɗan'uwa da makami. A lura, ba a haramta kibiya ba, ladabin riƙe ta aka koyar, kuma tushen ladabin shi ne tuna wanda yake kusa da kai. Muna ganin abin da ya hau kan hannu ya hau kan harshe.

Shi kansa wanda ya ƙera bindigar bai tsira daga wannan tambaya ba. Mikhail Kalashnikov, injiniyan Rasha da AK-47 ta ci sunansa, ya shafe shekaru yana cewa don kare ƙasarsa ya ƙera ta, laifin 'yan siyasa ne in ta faɗa hannun ɓata-gari. Amma kafin ya rasu yana da shekara 94 a watan Disamba na 2013, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko yana da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka. An ba shi amsa mai kwantar da hankali. Abin lura a wurinmu shi ne, tsoho ya kai gargara sannan karɓau ɗin da ya cire daga jimlarsa ya dawo masa.

Ba muna cewa alhakin mai hira ɗaya ne da na mai harbi ba, Allah Ya kiyaye. Alhakinsa ƙarami ne, kuma yana wajen masu sauraro. A bakin teburin nan akwai yaron mai shayi da ke wanke kofuna, akwai almajirai biyu, akwai wani ɗalibinmu na aji uku da aka aiko sayen burodi ya tsaya ya saki baki. Yaro ba ya koyon abin da ya kamata ya girmama daga allo. Yana koyonsa ne daga hasken da ya gani a idon manya lokacin da suke magana. Su waɗannan yara sun taso ne bayan daren 11 ga Disamba na 2020, da mahara a kan babura suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, da kuma abin da ya biyo baya a Jangebe a farkon 2021. Sun san cewa an rufe makarantun kwana saboda masu babur da bindiga, sun ga gwamnati ta zauna teburin sulhu da su. In kuma suka ji iyayensu maza suna ambaton kayan aikin waɗannan mutane da murya irin ta yabo, wane darasi muke zaton za su ɗauka game da wanda ya fi ƙarfi a duniya? A bara mun karɓi littafin aikin gida na wani yaro, a bangon baya ya zana babur da mutum uku, ya ƙawata bindigogin har da maɗaurin kafaɗa. Fuskokin mutanen kuwa bai sa musu ko ido ba.

Ba za mu wanke kanmu ba. A ranar nan, da aka zo maganar farashi, mu ne muka tambaya, "To nawa take yanzu?" Sha'awar sanin yadda ƙarfe yake aiki tana cikin jinin ɗa namiji, malami ne shi ko ɗan acaɓa. Kuma mu marubuta mun fi kowa wannan laifi. Sau nawa muka karanta labari, ko muka rubuta da hannunmu, inda aka ɓata rabin shafi wajen siffanta bindigar jarumi da motarsa, sannan aka kashe masu gadi huɗu a layi ɗaya, babu suna, babu uwa, babu wanda ya zo ɗaukar gawa? Ba muna kira a daina rubuta bindiga ba, domin wanda ya rubuta Arewa ta yau babu ita ya yi ƙarya. Hirar teburin mai shayi ma ta cancanci shiga littafi yadda take, da dariyarta da rantsuwarta. Abin da ɗan acaɓa ba shi da lokacin yi, marubuci yana da shi, wato ya bi harsashin har inda ya sauka, ya gaya mana ko wane ne, da abin da ya fito saya a ranar.

Bayan kwana biyu muka koma. Mai shayi ne ya raɗa mana cewa dattijon nan ƙanensa aka tare a hanyar ƙauye shekara uku da suka wuce, aka harbe shi aka tafi da babur ɗin, wanda ko gama biyan kuɗinsa bai yi ba. 'Ya'yansa biyar suna gidan dattijon yanzu. Duk waɗanda suka yi hirar sun san da haka, wasunsu ma da su aka yi jana'iza. Ba mugunta ba ce ta sa su, mantawa suka yi. Can sai ga shi ya iso, ya kafe babur a gindin dalbejiya, aka matsa masa wuri a benci. Matashin nan ya ce, "Baba, barka da yamma, ran nan ka bar shayinka." Dattijon ya ce, "Na tuna wani aike ne." Sannan ya juya wajen mai kukan sarƙa ya tambaye shi ko ya gwada jiƙa ta da baƙin mai kafin ya ɗaure.