Kyamarar Cikin Mota: Shaida Ce Ko Leƙen Asiri?

Ranar wata Alhamis na shiga Sharon daga Gumel zan je kasuwar Maigatari, sai idona ya faɗa kan wata 'yar kyamara da direban ya manna a gilashin gaba, daf da madubi. Ya ja wayarta ya cusa a wurin kunna taba. Da an tayar da mota ta fara ɗauka, in memori ya cika ta goge tsohon hoto ta ɗora sabo. Na ce masa, "Direba, fim za ka shirya ne?" Ya yi dariya ya ce lauyansa ke nan. In mai babur ya faɗo masa a kwana, ko aka nemi na goro a shinge, ga shaida wadda ba ta karɓar cin hanci.

Ban musa masa ba. A Rasha direbobi sun daɗe da wannan dabara saboda rigimar inshora, shi ya sa da dutsen nan ya faɗo daga sama a Chelyabinsk a 2013, kyamarorin motoci ne suka nuna wa duniya.

To amma mai karatu, mu da muke cin abinci da sharhin fim mun san kyamara ba ta faɗar gaskiya duka. Abin da aka saita ta a kai kaɗai take gani. Ta ga mai babur ya faɗi, ba ta ga direba yana latsa waya ba. Mai riƙe da memori kuwa shi ne edita: ya yanke inda ya so, ya bar inda ya so.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, ta direbanmu ido biyu gare ta, ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallonmu, kuma tana ɗaukar murya. A motar akwai dillalin shanu da ya ƙirga kuɗinsa a fili. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Sule Tankarkar da ta yi ta ba 'yar'uwarta labarin rikicin gidan mijinta tun daga tasha. Wa ya nemi izininsu? Kuɗin mota suka biya, ba su sa hannu a kan fitowa a fim ba. Ko ɗan wasan da zai wuce ta bayan jarumi sai ya san ana ɗauka.

Ba mu manta 2007 ba, lokacin da hoton bidiyo guda na waya ya fita daga hannun mai shi, ya yamutsa harkar fim a Kano har aka dakatar da ɗaukar fim na watanni.

Ni dai a ganina titi na kowa ne, a ɗauke shi. Cikin mota kuwa amana ce. Da muka sauka na ce wa direban ya toshe idon da ke kallon fasinja, ko ya riƙa faɗa tun kafin a tashi. Ya ce in ya faɗa, dillalan ba za su shiga motarsa ba.