Gona Taka Ce, Amma Burtali Fa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai cajin waya a tashar Birnin Kudu, ko a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, a 'yan shekarun baya, ya ga abin da za mu yi magana a kansa. Ga igiyoyin caja a rataye iri iri, wannan mai ƙaramin baki, wancan mai babban baki, gama kowane kamfani ya ƙera nasa dabam. Mutum ya taso daga ƙauye, ya kawo matarsa asibiti, yana so ya sanar da 'yan'uwa, ga wayarsa ta mutu. Ga caja goma a gabansa, ba ko ɗaya da ta shiga.

Yanzu gwamnatoci sun sa hannu cikin wannan al'amari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka cewa daga ran 28 ga Disamba 2024, duk sabuwar wayar da za a sayar a can sai ta zo da bakin caja iri ɗaya, wato USB-C. Kamfanin Apple, wanda ya daɗe da nasa bakin dabam, ya sake shi tun a 2023. Suna kuma da wata doka wadda ta hau kan manyan kamfanoni a watan Maris 2024, ta ce su buɗe ƙofa ga abokan gasarsu, har WhatsApp ya ba da hanyar da saƙo zai shigo daga wata manhaja.

Mu ma a nan mun ga irin wannan. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu da na juna, domin mai layin MTN ya iya kiran mai layin Glo. A watan Afrilu 2013 kuma Hukumar Sadarwa ta ƙasa ta buɗe hanyar da mutum zai bar kamfani ya koma wani, ba tare da ya rasa lambarsa ba.

To, ga tambaya. Daidai ne hukuma ta tilasta wa mutum ya buɗe wa abokin gasarsa ƙofa? Kada mu yi garajen amsawa. Mai kamfani zai ce, da kuɗinsa da hikimar ma'aikatansa ya gina abinsa, don me wanda bai yi shuka ba zai zo girbi? Zai kuma ce, ƙofar da aka buɗe wa baƙo, ta nan ɓarawo yake shiga. Apple ya yi ta kawo wannan kuka, cewa buɗewar za ta sa asirin masu waya cikin hatsari. Maganar tana da nauyi. Mu da muka san yadda macuta suke wawashe kuɗin talaka ta waya, ba za mu rena ta ba.

Amma bari mu duba abin da kakanninmu suka sani tun kafin a yi waya. Manomi yana da gonarsa, ba mai musu. Shi ya yi sassabe, shi ya kai taki. Duk da haka ba shi da ikon nome burtali. In ya nome, shanu ba su da hanyar mashaya, sai su faɗa gonaki, daga nan sai faɗa, wani lokaci har da jini. Saboda haka dagaci yakan tsaya ya ce a bar hanya, ba kuwa wanda yake kiransa azzalumi. Burtali bai rage wa manomi mallakarsa ba, ya tsare zaman garin ne, shi kansa manomin yana cikin masu morar zaman lafiyar.

Waya ma haka take. Amfaninta duka yana wurin mutanen da take kai mu gare su. Wayar da ba ta kiran kowa, da ita da dutse ɗaya ne. Kamfanin da ya tara mutane miliyoyi, sa'an nan ya kewaye su da shinge, ya riƙe su ne da danginsu. Mutum ba zai iya fita ba, gama uwarsa da ƙanensa da abokan cinikinsa duk suna ciki. Wannan ya wuce gona, ya zama tare hanya.

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. Cikin Littafin Firistoci, sura 19, an umarci mai gona kada ya girbe har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo. Doka ce, ba roƙo ba ne. Ta wurin wannan doka Rut, gwauruwa baƙuwa, ta sami abinci a gonar Bo'aza. Ashe tun dā Ubangiji bai yarda mallaka ta zama katanga tsakanin mutum da maƙwabcinsa ba.

Amma akwai iyaka ga hukuma kuma. Mu tuna da sarki Ahab, wanda ya ƙwace gonar inabin Nabot, Allah kuwa ya aiki Iliya ya tsauta masa. Hukuma tana da iko ta ce a bar hanya, ba ta da iko ta cinye gonar. In kuma ta sa an buɗe ƙofa, wajibinta ne ta tabbata akwai mai tsaro. In ta yi amfani da ƙofar ta saurari asirin jama'a, ita ce ta zama ɓarawon da ake tsoro.

Amsarmu ke nan. Dokar daidai ce muddin hanya take nema domin jama'a, tana kuwa kiyaye haƙƙin mai abu.

Saura mu, ya 'yan'uwa. Abin kunya ne sai an kafa doka kafin mutum ya ba maƙwabcinsa hanya. Bo'aza bai tsaya inda doka ta tsaya ba, har ya ce wa masu girbinsa su zubar wa Rut da gangan. Mu fa? Ɗan wannan ekklesiya yakan wuce ɗan waccan ba gaisuwa. Wani yana da rijiya ko injin wuta, amma sai ya tambayi addinin mutum ko kabilarsa kafin ya bar shi ya ɗebi ruwa ko ya sa caji. Ba hukumar da za ta kama mu a kan wannan, amma Ubangiji yana gani.

Bari kowannenmu ya zaga gonarsa a wannan wata, ya duba inda ya nome burtali, ya buɗe shi tun ba a aiko masa ba. Allah ya taimake mu. Amin.