Sanin Sababi da Imani da Mahalicci: Matsayin Ɗalibin Ilimin Halittu

Ilimin halittu masu rai, wanda ɗalibai suka fi sani da bayoloji, yana cikin darussan da jami'o'in Nijeriya ke wajabta wa duk wanda ya shiga aji ɗaya da niyyar karanta likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya ko aikin gona, kuma a cikin ɗan gajeren lokaci ake so ɗalibi ya ratsa tun daga ƙwayar halitta, wato ɗan ƙanƙanin ɗakin da aka gina jikin kowane mai rai da irinsa, har zuwa ƙa'idojin gado da rabe-raben tsirrai da dabbobi. Abin da ɗalibai suka fi kokawa da shi a fili shi ne yawan sunaye na Latinanci da Girkanci da ƙarancin lokacin riƙe su. Amma akwai wata damuwa da ba kasafai ake furta ta a ɗakin lacca ba, wadda takan sami ɗalibin da ya taso a gidan addini idan ya lura cewa littafin da ke hannunsa yana bayyana numfashi da haihuwa da tsirowar iri daga farko har ƙarshe ba tare da ya ambaci Mahalicci ko sau ɗaya ba. Daga nan ne tambaya ke tasowa: shin zurfafa sanin sabubban rayuwa yana rage wa imani wani abu?

Mafitar da mutane da yawa ke ɗauka ita ce raba zuciya biyu, inda ɗalibi zai haddace abin da ke cikin takardun lacca don ya zube shi ranar jarrabawa, alhali ya ƙudurce a ransa cewa ba zai bari maganar ta shige shi ba. Wannan dabara tana cutar da ɓangarorin biyu a lokaci guda, domin ilimin da aka riƙe a bakin harshe kawai ba ya kaiwa zangon karatu na gaba, kuma imanin da ake karewa ta hanyar kawar da kai daga halitta ya sauka daga matsayin da Alƙur'ani ya ɗora shi, tunda littafin ya yi ta kiran mutane su dubi raƙumi da ƙudan zuma da nonon dabba da matakan halittar ɗan tayi a cikin mahaifa. Saboda haka tambayar ta cancanci a fuskance ta, kuma malaman Musulunci sun riga sun fuskance ta ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera madubin ƙara girman abu.

Sababi shi ne abin da ake ganin wani abu yana aukuwa a sanadiyyarsa, kamar wuta ga ƙuna ko ruwa ga tsiro. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya tattauna wannan a littafinsa Tahafutul Falasifa, inda ya kawo misalin auduga da wuta, ya ce abin da ido ke gani shi ne ƙuna tana aukuwa yayin da su biyun suka haɗu, amma ido bai ga cewa wutar ce da kanta ta samar da ƙunar ba, don haka haɗuwar tasu tsari ne da Allah ya gudanar, kuma Shi ne mai aikatawa na haƙiƙa. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa musun tasirin sabubba yana rushe ilimi baki ɗaya, domin ba a sanin abu sai ta sanin ɗabi'arsa da abin da take haifarwa, kuma hikimar Mahalicci a cikin wannan tsari ne take bayyana. Saɓanin da ke tsakaninsu mai zurfi ne a fagen falsafa, sai dai akwai wurin da suka haɗu wanda shi ne ya shafi ɗalibi: dukansu sun yarda cewa halitta tana tafiya bisa tsari mai maimaituwa wanda hankali zai iya bibiya, kuma dukansu sun mayar da tsarin ga Allah. Gazali da kansa ya ambata a Almunƙizu Minad Dalal cewa waɗanda suka duƙufa kan binciken gaɓoɓin dabbobi sun ga abubuwan mamaki da suka tilasta musu yarda da Mahalicci mai hikima, kuma laifin da ya kama su da shi shi ne tsallake iyakar bincikensu har suka musa tashin alƙiyama.

Wannan batu ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana karanta littattafan tauhidi na Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A cikin karantarwarsa an kasa hukunci gida uku. Akwai hukuncin shari'a, wanda ake samowa daga wahayi, kamar wajabcin salla. Akwai hukuncin hankali, wanda ba ya jiran gwaji, kamar cewa rabi bai kai duka ba. Sannan akwai hukuncin al'ada, wato tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar ganin maimaituwarsu, tare da yiwuwar a sami saɓawa. Ilimin halittu kusan gaba ɗayansa yana cikin gida na uku, domin aikinsa shi ne lura da abin da ke maimaituwa, da gwada shi, da ƙidaya shi, da gyara bayani idan sabon gwaji ya saɓa wa tsohon. Idan aka fahimci haka, shirun da littafin bayoloji ya yi game da Mahalicci zai bayyana a matsayin iyakar fanni, kamar yadda littafin nahawu ba ya maganar zakka. Fannin yana amsa tambayar yadda abu ke aukuwa, amma tambayar dalilin da ya sa aka samar da rayuwa tun farko da abin da ake nufi da ita ba ta shiga kwalbar gwaji, kuma duk wanda ya amsa ta da sunan kimiyya, ko da tabbatarwa ko da korewa, ya fita daga ɗakin gwaje-gwaje ya shiga fagen falsafa.

Tarihin Musulunci ya nuna cewa riƙo da sababi yana cikin addini. A Sahihu Muslim an ruwaito yadda dabinon mutanen Madina ya ƙi yin kyau a shekarar da suka bar yi masa barbara, wato ɗaukar garin furen namijin dabino a sa wa macen, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar musu da sanin wannan sana'a tasu. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana cewa gudun nasa ma yana cikin ƙaddarar Allah. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, wanda kuma masanin fiƙihu ne, ya saɓa wa manyan likitocin da suka gabace shi, Jalinus da Ibn Sina, a kan cewa jini yana ratsa bangon da ya raba zuciya biyu, ya ce daga ɓangaren dama jinin yakan bi ta huhu kafin ya iso hagu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗauki bin diddigin sababi a matsayin raunin tawakkali.

Idan haka ne, to hanyar karatun ma dole ta canza, domin wanda ya ɗauki fanni a matsayin bibiyar tsarin da Allah ya gudanar ba zai wadatu da haddar sunaye ba. Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, ta isa misali. Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno, ya wallafa a 1866 sakamakon gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake, inda ya nuna cewa kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A kan wannan ƙa'ida ne ake cewa idan miji da mata duka suna da rukunin AS, akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu su haifi mai SS. Ɗalibin da ya haddace lissafin kawai zai ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, har ya kwantar wa dangi da hankali cewa tunda na fari ya zo da cutar sauran ukun sun tsira. Wanda ya fahimta kuwa ya san cewa kowane ciki sabon lissafi ne da bai da alaƙa da na baya, don haka duka huɗun za su iya zuwa da cutar, ko kuma babu ko ɗaya. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma Jihar Kano ta mayar da gwajin jini kafin aure doka a 2024, bambancin da ke tsakanin waɗannan ɗalibai biyu yana iya zama bambanci tsakanin shawara mai ceto da shawara mai jefa iyali cikin wahala.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da hadda, domin babu mai fahimtar jiki bai riƙe sunayen sassansa ba, kuma tsangaya ta riga ta mallaki dabarun riƙewa da binciken zamani ya zo ya ƙarfafa. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a lokuta mabambanta tana rage ta. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Almajirin da ke wanke allo ya biya karatu da ka, ya kuma koma tilawar baya kullum, wannan hanya yake bi. Abin da ɗalibin bayoloji zai ƙara shi ne ya haɗa kowane suna da aikinsa, ya zana zagayawar jini ko rabuwar ƙwayar halitta da hannunsa ba tare da duba littafi ba, ya bayyana wa abokin karatu da Hausa abin da aka koyar da Turanci, sannan ya tambayi kansa abin da zai faru idan aka cire mataki ɗaya daga cikin tsarin. Karatun dare ɗaya kafin jarrabawa ba ya gina irin wannan sani.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa batun ya koma na amana. Robert Hooke na Ingila ya ga ƙananan ɗakunan da ke cikin ɓawon itace a madubinsa, ya zana su kamar yadda ya gan su a littafin da ya fitar a 1665, kuma daga wannan zane sunan ƙwayar halitta a Turanci ya samo asali. Ɗalibin da ya kwafi hoton littafi ya miƙa shi a matsayin abin da ya gani a madubi, ko ya gyara alƙaluman gwajinsa don su dace da amsar da ake tsammani, ya ba da shaidar zur a kan halittar Allah, kuma ya fara sabawa da ɗabi'ar da za ta bi shi har gadon majinyaci. Gani ya kori ji, amma sai idan mai ganin ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Wuri mafi nauyi a darasin shi ne ƙa'idar sauyawar halittu a tsawon zamani, wadda Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859. Wani sashe nata abu ne da ake gani da ido: ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin har Nijeriya ta sauya maganin farko a 2005, kuma Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa masu rukunin AS sun fi jure wa wannan zazzaɓi, abin da ke bayyana dalilin yawaitar sikila a yankunan sauro. Likitan da bai fahimci yadda ƙwayar cuta ke daina jin magani ba ba zai gane hatsarin yanke shan magani a tsakiya ba. Wani sashen kuma, wanda ya shafi asalin ɗan Adam, ya taɓa abin da nassi ya yi magana a kansa, kuma jumhurun malaman Musulunci sun tsaya a kan cewa halittar Annabi Adamu ta musamman ce. Abin da ya wajaba a kan ɗalibi a nan shi ne ya san abin da ƙa'idar ta ce da hujjojin da masana suka kafa ta a kansu daidai yadda suke, ba tare da ragi ko izgili ba, domin malaman usulu sun kafa sharaɗin cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa. Bayan haka sai ya kai abin da ya shige masa duhu ga malamin da ya san nassi da tafsirinsa, ya kuma jure zama da tambayar da amsarta ba ta kammala a wurinsa ba, maimakon ya yi gaggawar jefar da ɗayan ilimin biyu.

Hukuncin da wannan tattaunawa ta kai gare shi shi ne cewa sanin sababi ba ya rage imani, sai dai idan an ɗora wa sababin nauyin da ba nasa ba, kuma imani ba ya hana bincike, sai dai idan an gina shi a kan tsoron tambaya. Al'ummar da ke fama da sikila da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin likitoci tana bukatar ɗaliban da suka fahimci abin da suka karanta, kuma malaman fiƙihu sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan babu mai ɗauke shi laifin ya hau kan kowa. Don haka ya kamata ɗalibin da ya shiga wannan darasi ya kyautata niyyarsa, ya karanta shi da zuciya ɗaya, ya kuma riƙe gaskiya a littafin gwajinsa kamar yadda yake riƙe ta a ibadarsa.